Kwalaben Radiyya

Litinin, bayan la'asar

Fauziyya ce ta ce in riƙa rubutawa. Ita ce abokiyar karatun matata Radiyya a jami'a, ɗakin bincike ɗaya suke aiki. Ta zo da hantsi ta same ni zaune a bakin ƙofa ban fita shago ba. Ta yi min irin gaisuwar da kowa ke yi min a kwanakin nan, sannan ta ce, "Yaya Munir, ka yi haƙuri, kwalaben na zo dubawa."

Na manta da su. Suna nan jere a kan benci a baranda inda Radiyya ta bar su ranar da muka fita a gaggauce. Manyan kwalabe uku ne, kowace da ruwa rabi, da ruɓaɓɓen ganye a ƙasa, da ɓawon itace da ta jingina ya fito saman ruwan. Ɗaya daga fadamar kogin Zio ta ɗebo ruwanta, ɗaya daga tsohuwar taya, ɗaya daga kogon bishiyar mangwaro.

Fauziyya ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ta haska da fitilar waya. "Suna da rai," ta ce.

Ta yi min bayani a tsaye. Tsutsotsin da ke ciki 'ya'yan wani ƙaramin ƙwaro ne na fadama, a littafi Scirtidae ake kiran danginsu. Aikin Radiyya shi ne ta raine su har su zama manya, don a san wace tsutsa ce ke zama wane ƙwaro. In sun mutu sai damina mai zuwa, kuma an ce ta miƙa rubutun digirinta kafin ƙarshen shekara. Na ce ta tafi da su jami'a. Ta ce girgizar babur za ta kashe waɗanda suka kusa canzawa, kuma sanyin na'urar ɗakinsu bai yi musu ba, shi ya sa tun farko Radiyya ta kawo su gida.

"Ka dube su safe da yamma kawai. Abin da ka gani ka rubuta, da rana da lokaci."

To, ga shi na rubuta.

Talata, asuba

Suna motsi duka ukun.

Laraba, bayan magariba

Yau na tsaya na kalle su sosai da gilashin ƙara girman da ke cikin jakarta. Ba su yi kama da tsutsa ba. Sun fi kama da ƙanƙanin kyankyaso da aka danne, launin ƙasa, ga ƙafafu shida, ga wasu gashin kai biyu dogaye da ba sa daina kaɗawa. Fauziyya ta ce da wannan dogon gashin ake gane su, sauran 'ya'yan ƙwari irinsu nasu gajere ne. Suna tafiya a kife a ƙarƙashin fuskar ruwa kamar mai tafiya a jikin silin. Can sai ɗaya ta turo gindinta waje ta ɗauki iska, ta koma ƙasa da ɗan kumfa a maƙale. Ganyen ba cinye shi suke ba, dattin da ke kansa suke sharewa da baki.

Na je unguwar Avédji gidan Hajiya Hajara, mahaifiyar Radiyya. Can aka wuce da ita daga asibiti. Tana kwance ta fuskanci bango. Na yi sallama, Hajiya ce ta amsa. Na zauna a bakin gado na ce mata an yi ruwa a unguwarmu Zongo har ya shiga shago. Na ce mata Fauziyya na gaishe ta. Ban ce komai kan kwalabe ba.

Da zan tafi Hajiya ta raka ni har ƙofa. "Ta sha koko da safe," ta ce. "Rabin kofi. Ka ci gaba da zuwa, tana jin ka."

Juma'a, bayan sallah

A masallaci hannu ya yi yawa. Kowa da nasa "ya haƙuri". Wani tsoho da ban sani ba ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, bai ce komai ba. Nasa ya fi min sauƙi.

Na buɗe shago yau. Tayoyin gwanjo nake sayarwa a gefen kasuwar Hédzranawoé, kuma da damina duk wadda aka bari a waje sai ta tara ruwa. Ina cikin juyar da su sai na tsaya da wata a hannuna. A nan na fara ganin Radiyya. Ta zo da ludayi da farar roba, ta ce in ba ta izini ta ɗebi ruwan tayoyina. Na ɗauka ma'aikaciyar lafiya ce za ta ci ni tara saboda sauro, na fara rantsuwa cewa jiya-jiya na zubar. Ta ce, "Kash, da ba ka zubar ba." Daga ranar na ware tayoyi biyu a bayan shago ba na taɓa su. Ta dawo sau uku kafin in iya tambayar ta gidansu.

Kwalbar taya ta fi sauran yawan motsi. Ta kogon mangwaro ruwanta ya yi ƙasa.

Asabar, hantsi

Na yi ɓarna. Jiya da yamma na ƙara wa kwalbar mangwaro ruwan famfo. Yau na tarar da fiye da rabi sun kwanta a ƙasa, gashin kansu ya daina kaɗawa. Na kira Fauziyya. Ta ce laifinta ne da ba ta gaya min ba: maganin da ke cikin ruwan famfo yana kashe su, ruwan sama ake saka musu. Ta ce in kwashe masu rai da cokali in mayar da su sabon ruwa, matattun kuma in saka su cikin ƙaramar kwalbar alkol, sinadarin da ke hana su ruɓewa, su ma suna da amfani.

Na kwashe su ɗaya-ɗaya.

Na ajiye baho a ƙarƙashin indararo.

Lahadi, azahar

Ta fuskanci bango.

Litinin, bayan la'asar

Mma, mahaifiyata, ta zo daga unguwar Tokoin da tuwo da miyar kuɓewa. Ta share ɗaki, ta wanke kwanukan da suka taru. Ta shiga ƙuryar ɗaki ta daɗe, ta fito da ƙullin kaya a zani, ta ce za ta ajiye a wurinta. Ƙaramin gadon kuma ta sa aka kai shi ɗakin ajiya na mai gida. Ban hana ba. Ban kuma tashi na taya ba.

Da ta fito baranda sai ta tsaya a kan kwalaben.

"Har yanzu waɗannan abubuwan suna gidan nan?"

Na ce aikin makarantarta ne.

"Na san aikin makarantarta ne, Muniru. Na faɗa tun farko, ba ku ji ba. Mace a wannan hali tana shiga fadama har gwiwa. Wurin da ko namiji sai ya yi addu'a kafin ya taka. Kowa a unguwa maganar da yake yi ke nan, kai ne kawai ba a faɗa a gabanka."

Na ce, "Mma, likita ta ce ba shi ba ne. Na tambaye ta da bakina."

"Likita ta san abin da ke cikin ruwa?"

Mma ba muguwa ba ce. Ita ta saƙa ƙananan safa biyu da hannunta tun watan azumi, suna cikin ƙullin da ta ɗauka. Da za ta tafi na ga ta goge ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙin murhun maƙwabta ne.

Kwalbar fadama: lafiya. Ta taya: lafiya. Ta mangwaro: saura kaɗan, amma suna ci.

Laraba, safe

Alhaji Nata'ala mai gidanmu ya tare ni a tsakar gida. Ya ce matan gida sun kai ƙara, wai ina kiwon sauro a baranda, yaron maƙwabciyarmu Da Akossiwa ta ɗakin ƙarshe yana zazzaɓi. Ya yi maganar a hankali, yana jin nauyina.

Gaskiyarsu ce ta wani ɓangare. Na duba na ga 'ya'yan sauro a kwalbar taya, masu lanƙwasa jiki suna harbawa. Na kira shi ya gani da idonsa, na tsince su da cokali a gabansa na zubar a rana. Na yanka tsohon gidan sauro na ɗaure bakin kowace kwalba.

Ya sa tabarau ya leƙa. "Waɗannan masu gashin kuma fa, suna cizo?"

Na ce ba sa cizo, ko sun girma ba ruwansu da mutum.

"To me ake yi da su?"

Na ce ana sanin su ne kawai.

Ya gyaɗa kai kamar ya gamsu, ko kuma ya ƙyale ni ne. "Allah ya ba ta lafiya," ya ce. "Ka ce mata gidan ya yi shiru."

Alhamis, bayan magariba

Ta yi magana.

Na same ta zaune yau, ta jingina da bango, Hajiya ta yi mata kitso. Ta rame. Murna ta sa bakina ya kufce, na ce mata tsutsotsinta na nan lafiya, ina duba su safe da yamma.

Ta ɗago ta kalle ni, karo na farko tun asibiti.

"Ka zubar da su."

Na ce, "Radiyya."

"Ka zubar da su a kwata. Kada in dawo in same su."

Na ce to.

Juma'a, asuba

Ban zubar ba.

Juma'a, bayan la'asar

Na ɗauki kwalbar fadama har bakin kwata. Na kwance yadin da ke bakinta. Na tsaya ina riƙe da ita har Da Akossiwa ta fito da wanki ta tambaye ni da yarensu ko lafiya. Na ce lafiya, na koma da ita kan benci.

Ita ta tara su, ita ke da ikon cewa a zubar, kuma na ce mata to. Amma na ga yadda ta yi ta tsince su daga cikin ganye, tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno saboda ta daina iya sunkuyawa, tana yi musu magana da Faransanci kamar 'yan makaranta. Wadda ta ce in zubar jiya ba ta yi kama da waccan ba. Ban san wacce zan bi ba.

Lahadi, ranar Babbar Sallah, yamma

Ragon da ke ɗaure a bayan gida tun watan jiya, ba don layya na saye shi ba, na suna ne. Liman ya ce babu laifi in yi layyar da shi. Alhaji Nata'ala ya karɓi wuƙar daga hannuna ba tare da na roƙe shi ba.

Na kai cinya Avédji. Ban shiga ɗakinta ba, na ce wa Hajiya ina sauri. Na ji tsoron ta tambaye ni.

Talata, safe

Sun ragu a kwalbar taya. Na juya ganye, babu gawa, babu su. Na kira Fauziyya ina cewa na sake kashe su. Ta yi dariya, ta ce in duba saman ɓawon itacen, inda ruwa bai kai ba.

Suna can, cikin tsagar ɓawon da ɗan danshin ƙasar da Radiyya ta liƙa a wurin. Sun fita daga ruwa da kansu, sun dunƙule, sun yi fari sol kamar ƙwayar shinkafa, ba sa motsi. Fauziyya ta ce haka suke yi idan lokaci ya yi. Kada in taɓa, kada in bari wurin ya bushe, kada kuma ruwa ya rufe su. Cikin kwanaki kaɗan za su fito da fukafukai.

Ta tambaye ni Radiyya ta sani? Na ce a'a. Ta ce ita ma ta je sau biyu ba a ce mata komai ba.

Laraba, bayan isha

Na gaya mata. Ban iya ci gaba da zuwa ina kauce wa idonta ba.

Na ce, "Ban zubar ba. Na ce miki to, amma ban yi ba."

Ban taɓa jin muryarta haka ba. Ba ta ɗaga ta ba, amma kowace kalma da ƙarfi ta fito. Ta ce ina ajiye su ne don kullum ta gan su ta tuna. Ta ce ta san abin da Mma ke faɗa, ta san abin da matan Zongo ke faɗa, har masu zuwa gaisuwa suna faɗa a tsakar gida suna zaton barci take yi. Ta ce, "Kai ma abin da ke ranka ke nan. Kunya ce kawai ta hana ka faɗa."

Na ce ba shi ne a raina ba.

"Na shiga ruwan a satin. Ka sani."

Na ce na sani, tunda ni na kai ta a babur ɗina, ni na riƙe mata bokiti. Na ce likita ta ce ko a gado ta wuni watannin duka, abin da ya faru zai faru. Ta ce likita tausayinta ta ji.

Hajiya tana bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba. Ta shigo ta zauna a ƙasa, abin da ba ta taɓa yi a gabana ba. Na yunƙura zan fita ta ce in zauna.

"Radiyya, kin san yayanki Zulkifli ne babba a ɗakina. Ba shi ba ne na fari. Akwai wata kafin shi. Lokacin ina amarya a gidan kakanku, ko ƙofar gida ba na leƙawa, ruwa ma ɗebo min ake yi. Ban ga fadama ba, ban ga kasuwa ba. Haka na dawo hannu biyu kamar yadda kika dawo. Aka ce don ina kwanciya da rana ne. Na shekara ina yarda."

Radiyya ta ce, "Ba ki taɓa faɗa ba."

"Ba a faɗa a lokacinmu. Da na faɗa, wataƙila da ba ki kwanta kina kallon bango ba."

Sai Radiyya ta kifa kai a cinyar uwarta. Wannan ne kukan da ba ta yi ba a asibiti. Na fita na zauna a kan babur a waje har aka kira magariba.

Ba ta sake cewa in zubar ba. Ba ta kuma ce in bari ba.

Alhamis, safe

Fararen sun fara duhu. Idanunsu sun fito baƙi.

Asabar, hantsi

Na farko ya fito, kuma ya gudu.

Na gan shi a jikin yadin, ɗan mitsitsi, bai kai ƙwayar wake ba, ko rabinta. Ruwan ƙasa, zagaye kamar ƙwai, kansa a ɓoye a ƙarƙashin kafaɗa sai ka ce ba shi da kai. Na ɗaga yadin a hankali da ƙaramar kwalba a hannu. Ban ga tashinsa ba. Yana nan, sai ba ya nan. Na yi rarrafe a baranda ina duba ƙarƙashin takalma. Da Akossiwa ta zo ta taya ni nema ba ta ma san me muke nema ba.

Na yi dariya. Na manta rabon da in yi. Bayan nan kuma sai na ji ba daɗi, kamar na ci amana.

Lahadi, bayan azahar

Biyu sun fito. Wannan karon na saka kwalbar gaba ɗaya cikin babbar farar leda kafin in buɗe, kamar yadda Fauziyya ta ce. Na kama su. Na ɗora gilashin ƙara girma a kan idon wayata na ɗauki hoto. Bayansa duk gashi ne mai laushi kamar na jikin kuɓewa.

Na daɗe ina kallon hoton. Sannan na tura wa Radiyya ba tare da na rubuta komai ba.

Alamar ta nuna ta gani. Ba amsa.

Litinin, safe

Ba amsa.

Litinin, bayan la'asar

Ina shago ina ciniki da wani direban tasi sai waya ta yi ƙara.

"Hoton baya ba ya nuna komai. Juya shi. Ƙafar baya nake so in gani."

Na bar direban da tayar a hannu na hau babur.

Juya ƙwaro mai tsalle ba wasa ba ne. Ita ta gaya min in saka ƙaramar kwalbar cikin ruwan ƙanƙara na ɗan lokaci, sanyi zai sa ya lafa. Na yi, na ɗauka, na tura.

"Ka ga cinyar? Ta kumbura kamar ta fara. Da ita yake tsalle. Kuma ga doguwar ƙaya a ƙarshen ƙwaurin. Scirtes ne."

Na tambaye ta shi ke nan an gane shi? Ta ce a'a, gidansu kawai aka gane. Kafin a san ainihin wane ne sai an sami namiji, an buɗe ƙarshen cikinsa a ƙarƙashin madubin ƙara girma na jami'a, don a waje duk kama suke yi. Sannan ta rubuto: "Kada ka riƙe su da yatsa. Gashin bayansu gogewa yake."

Na karanta wannan ya fi sau goma. Faɗa take min, irin na da.

Laraba, yamma

Na kwalbar mangwaro sun fara fitowa, su da na kusa ƙarar da su. Cinyarsu siririya ce, ba sa tsalle, gudu suke. Na tura. Ta ce wani gida ne daban, kuma ba ta tabbata wanne ba. Ta tambaye ni tsutsotsin da suka mutu na ajiye? Na ce suna cikin alkol. Ta ce, "Madalla." Daga baya ta tambaya yaya aka yi suka mutu. Na faɗa mata. Ta turo hoton fuska mai rufe ido da hannu.

Mma ta zo ta same ni ina fama da leda. Ta tsaya tana kallo. Ta ce gobe in kai ta Avédji, ta yi wa Radiyya dambun nama daga naman Sallah. Na ce sai dai in ba za a yi maganar fadama ba. Ta kalle ni.

"Ni na haife ka, Muniru. Na san abin da ake faɗa a ɗakin mara lafiya."

Alhamis, bayan magariba

Mma ba ta yi maganar ba. Ta zauna kusa da ita, ta riƙe ƙafarta tana matsawa. Ta ce, "'Yata, kin rame." Radiyya ta ci dambun kaɗan. Ban san ko Mma ta canza ra'ayi ba, ina jin ba ta canza ba. Amma ta je.

Asabar, azahar

Sun yi yawa yanzu, kuma manyan ba sa daɗewa, wasu sun fara mutuwa a jikin yadi. Fauziyya ta ce dole a saka su a alkol tun suna da kyau, kowane tare da fatar da ya bari, a rubuta daga wace kwalba ya fito. Na ce wa Radiyya Fauziyya za ta zo ta yi ranar Litinin.

Ta amsa: "Za ta haɗa min su. Ka zo ka ɗauke ni gobe. Zan koma da yamma."

Na share gidan sau biyu.

Lahadi, bayan isha

Ta zo. Na tuƙa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, har 'yan zemijan masu acaɓa suna yi min hon. Matan gida suka fito gaishe ta, Alhaji Nata'ala ya kore su da cewa a bar ta ta huta.

Ba ta shiga ɗaki ba. A baranda ta zauna a gaban benci, ta ɗauki kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ruwan ta fadama ya yi yawa, ta ce yadin na ɗaure shi da kyau. Ta jera ƙananan kwalabe, ta yanka takarda, ta fara aiki. Da ta zo saka na farko a alkol hannunta ya tsaya a sama. Na ce in yi mata? Ta girgiza kai. Ta yi bismillah ta saka. Ta ɗauki abin da take buƙata daga kowace kwalba, sauran ta ce gobe in mayar da su bakin fadama in buɗe.

La'asar ta yi, ta wuce. Na ce in fito da babur? Tana rubuta takarda, ba ta ɗago ba, ta ce:

"Ka gan shi sosai?"

Na ce na gan shi. Ni na riƙe shi.

"Ni ban gan shi ba. Ban farka ba sai da kuka dawo daga maƙabarta."

Na ce na sani.

"Da wa ya yi kama?"

Na ce goshinta ne, da yatsunta dogaye. Na ce ya yi kuka sau ɗaya, ƙarami, na ji da kunnena. Na ce na yi masa kiran sallah a kunne kafin ma'aikatan asibiti su karɓe shi, kuma an yi masa sallah, mutane sun zo da yawa. Na ce wurin yana kusa da katanga ta gabas, akwai inuwa da yamma, na sa dutse don kada ya ɓace min.

Ta ajiye alƙalamin.

"Ka sa masa sunan?"

Na ce na sa. Na raɗa masa a kunne, ba wanda ya ji sai shi.

"Faɗa min. Ina so in ji a bakin wani."

Tun ranar ban furta shi ba, ko a nan ban rubuta ba. Na ce, "Saifuddeen."

Ta maimaita a hankali, sau biyu. Ta share fuska da bayan hannu, ta rufe kwalbar alkol ta ɗaure bakinta da kyau. Sannan ta miƙe, ta tsaya a ƙofar ɗaki ta daɗe, ta cire takalmi ta shiga.

Na kira Hajiya na ce mata ba za mu dawo yau ba.

Litinin, asuba

Maman Saifuddeen ce ta tashe ni sallah.